Montaj: yadda ake adana tambari da zanen suna don kada a riƙa sake su a kowane bidiyo

Duk mai kallon labarun dare a Télé Sahel, ko a tashoshi masu zaman kansu irin su Ténéré, Dounia da Bonferey, ya saba da abubuwa biyu har ido ya daina lura da su: tambarin tashar da ke maƙale a kusurwar sama, da kuma ɗan zanen nan da ke fitowa a ƙasan allo ɗauke da sunan mai magana da muƙaminsa. Ma'aikatan telebijin na kiran na biyun sinte, wasu kuma su ce bando, kalmomin da aka aro daga Faransanci. A shekarun baya sai babban gidan telebijin ke da na'urar yin irin wannan rubutu. Yau kuwa matashin da ke ɗaukar bukukuwan aure a Maraɗi, da mai shafin labarai na Facebook a Damagaram, da mai yanka karatun malamai yana watsawa a WhatsApp daga Tawa, kowa na da nasa tambari da nasa sinte, wani a kwamfuta, wani a salula.

Inda gizo ke saƙar shi ne washegari. Mai montaj ya zauna ya ɓata sa'o'i yana daidaita launi, yana rage girman harafi, yana matsar da zanen har ya zauna daidai inda ba zai rufe haɓar mai magana ba. Aiki ya yi kyau, an miƙa wa mai shi. Da safe wani aikin ya shigo, ya buɗe sabon proje, ya jawo zanen daga ma'ajiyar manhaja, sai ga shi ya dawo kamar ranar da aka sauke shi daga intanet, da launin mutane da rubutun mutane. Duk gyaran jiya ya tsaya a cikin projen jiya.

Daga nan masu sana'ar kan rabu gida biyu. Wasu su sake ginawa daga farko, su yi ta kwatantawa da ido, abin da ya sa za a ga shafi ɗaya amma bidiyonsa na Litinin da na Alhamis kamar ba gida ɗaya suka fito ba. Wasu kuma su buɗe tsohon projen, su share hotunan ciki, su zuba sabbi a kai. Wannan ta fi sauri, amma ita ce ta fi haɗari: ranar da mai aikin farko ya dawo yana son a gyara masa wuri ɗaya, projensa babu shi. Kuma ta wannan ƙofa ce sunan amaryar makon jiya ke fitowa a bidiyon amaryar wannan mako.

Lokacin da ake ɓatawa ba ƙarami ba ne a ƙasar da wuta ba ta da tabbas. Masu aiki da kwamfuta ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ko ba wannan, kowace bazara tana zuwa da nata ɗauke-ɗauken. Mai montaj da batirinsa ke riƙe sa'a biyu ba shi da rabin sa'ar da zai bayar ga zanen da ya riga ya yi jiya.

Me ya sa gyaran ba ya bin mutum

Fayil ɗin proje ba bidiyo ba ne. Takardar umarni ce kawai, wadda ke gaya wa manhaja cewa ta ɗauko hoto kaza daga dosiye kaza, ta yanke shi a daƙiƙa kaza, ta ɗora rubutu kaza a kansa. Idan aka jawo zane daga ma'ajiya aka ajiye shi a kan layin montaj, kwafinsa ne ya sauka. Duk canjin launi da na harafi da aka yi, a jikin wannan kwafi aka rubuta shi, cikin takardar umarnin wannan proje. Asalin da ke ma'ajiya bai san an yi ba. Kamar tela ne da ya rage wa mutum riga a jikinsa: rigar ta yi daidai, amma ma'aunin da ke rubuce a littafin shago bai canza ba.

Saboda haka maganin shi ne a fitar da zanen da aka gyara daga cikin projen, a ba shi mazauni na kansa. Sai dai kafin a fitar da shi akwai tambayar da ya kamata a amsa, kuma a nan ne da yawa ke kuskure: wane ɓangare na zanen ne ba ya canzawa, wane ne ke canzawa kullum?

Duk wanda ya taɓa neman takarda a ofishin magajin gari ya san bambancin hatimi da fom. Hatimi, wato kashe, an sassaƙa shi sau ɗaya, iri ɗaya yake bugawa a kowace takarda. Fom kuwa an bar masa gurabe, kowa da sunan da za a cika masa. Tambarin shafi, da lambar waya, da ƙawar da ke bayan rubutu, hatimi ne. Sunan mai magana, muƙaminsa, gari da kwanan wata, fom ne. Kowanne da hanyar adana shi.

Abin da ba ya canzawa

Tambari da ƙawar zane ana fitar da su a matsayin hoto mai bayan da ba a gani. Hoton kwamfuta yana tattare da launuka uku, ja, kore da shuɗi. Wasu nau'o'in fayil na da bayani na huɗu da ake kira alfa, wanda ke faɗin inda hoton zai bayyana da inda zai bar abin da ke ƙarƙashinsa ya fito. PNG na da wannan. JPEG ba shi da shi ko kaɗan, shi ya sa tambarin da aka ajiye a JPEG ke zuwa da farin akwati ko baƙi kewaye da shi.

A nan akwai wani tarko da ke kama mutane kullum. Mai zane ya yi tambari a PNG yadda ya kamata, ya tura wa mai montaj ta WhatsApp kamar yadda ake tura hoton suna. WhatsApp na matse hoton da aka tura ta wannan hanya, ya mayar da shi JPEG, alfa ya tafi. Sai a fara zargin juna, alhali ba laifin kowa ba ne. Idan aka tura shi a matsayin takarda, wato ta wurin da ake tura PDF, yana isa yadda yake.

Wata dabara mai sauƙi da ba kowa ke yi ba ita ce a fitar da PNG ɗin da girman allo gaba ɗaya, 1920 da 1080, tambarin yana zaune a kusurwarsa, sauran wurin babu komai. Ranar da aka jawo shi cikin sabon aiki ba sai an ja ko an rage ba, da kansa yake faɗawa inda ya saba. A yi wani daban na bidiyon tsaye, 1080 da 1920, don TikTok da statu na WhatsApp. Kada a ce za a juya na kwance ya yi aikin na tsaye, domin a TikTok ƙasan allo na rubutun manhajar ne, gefen dama kuma na maɓallanta. Sinten da aka ajiye a ƙasa can, kamar na telebijin, ba wanda zai iya karanta shi.

Idan zanen mai motsi ne, kamar tambarin da ke juyawa ko bandon da ke shigowa daga gefe, lamarin ya ɗan fi wuya. MP4 da kowa ya sani, wanda ke amfani da tsarin matsewa na H.264, ba ya ɗaukar alfa. Duk yadda aka yi, da baƙin baya zai fito. Masu kwamfuta na da zaɓi: ProRes 4444, ko QuickTime Animation, ko kuma jerin hotunan PNG, kowane hoto fayil guda, waɗanda manhaja ke haɗawa su koma motsi. Dukkansu sun fi MP4 nauyi nesa ba kusa ba, don haka a tsaya ga ƴan daƙiƙoƙin shigowa da fita. Tura irin wannan fayil ta intanet na cin forfe, gara a kai shi a kile.

Masu aiki da salula galibi kan bi ta wata hanya: su yi zanen a kan koren baya, su fitar da shi a MP4, sannan a sabon aiki su sa manhaja ta cire koren. CapCut da KineMaster duk suna yin haka. Hanyar na aiki, amma tana da illar da ta shafi Nijar musamman. Tutar ƙasar ruwan lemo ce da fari da kore, kuma tambarin ƙungiyoyi, makarantu da shafukan labarai da yawa daga launukanta aka ɗauko su. Manhaja ba ta san koren tuta ba, ba ta san na baya ba: duka take cinyewa, sai a ga tambari da rami a ƙasansa. Mai kore a tambarinsa sai ya zaɓi bayan da babu irinsa a zanen, shuɗi mai ƙarfi ko ruwan hoda mai ƙarfi. Ko da hakan, bakin haruffa kan fito da ɗan kaushi, musamman idan siraran haruffa ne.

Akwai kuma batun yawan hotuna a daƙiƙa. Telebijin a Nijar na tafiya ne a kan 25, salula kuwa galibi 30 take ɗauka. Motsin da aka yi a kan ɗaya aka ɗora a kan ɗayan na iya ɗan tsinkewa. Wanda ke kai aiki gidan telebijin ya yi nasa a 25.

Abin da ke canzawa kullum

Suna da muƙami ba a mayar da su hoto. Dole su zauna a yanayin da za a iya goge su a rubuta wasu, kuma kowace manhaja da yadda take yi.

A Premiere Pro, tun shekarar 2017 ake iya fitar da zanen da aka gina a cikin manhajar a matsayin samfuri, fayil mai ƙarewa da .mogrt. Ana danna zanen da maɓallin dama na linzami a kan layin montaj, a zaɓi fitar da shi a matsayin samfurin zane mai motsi, a ba shi suna. Daga nan yana cikin ma'ajiya, kowane sabon proje na ganin shi, da launinsa da harafinsa da motsinsa. Sai dai yawancin samfuran da ake saukewa daga intanet a After Effects aka gina su, kuma irin waɗannan, ko an gyara su a Premiere, manhajar ba ta yarda a sake fitar da su da gyaran. Mutum ya danna ya ga wurin a dushe, ya ɗauka kwamfutarsa ce ta lalace. Mafita ita ce a ajiye zanen da aka gyara a kan layin montaj na wani ƙaramin proje na musamman. Premiere na buɗe proje fiye da ɗaya a lokaci guda, sai a kwafo daga wancan a manna a wannan, gyaran na biye da shi.

Premiere na da wata hanya kuma ta mayar da zane uwa a cikin proje, ta yadda duk abin da aka canza zai sauka a kan dukkan kwafinsa. Tana da amfani ga taken shiri ko lambar waya da ke maimaituwa sau goma. Ga sunayen mutane kuwa masifa ce: a gyara sunan baƙo na uku, a waiwaya a tarar na ɗaya da na biyu ma sun koma sunansa.

Sannan akwai bambancin tsohuwa da sabuwar manhaja. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a shaguna da yawa ba kuɗin wata-wata ake biya wa Adobe ba, kowa da irin kwafin da ya samu da shekarar da aka fitar da shi. Abin da aka adana a sabuwa sau da yawa ba ya buɗuwa a tsohuwa. Idan mutum uku ke aiki tare, a gina samfurin a kwamfutar da ta fi tsohuwar manhaja.

DaVinci Resolve, ta kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya, tana da nau'in kyauta na halal wanda ba ya buga tambarin kamfani a kan aikin mutum, kuma ta warware wannan matsala da wata ma'ajiya da ake kira Power Bins. A ɓoye take zuwa, sai an nemi a nuna ta. Rubutun da aka gyara, misali na Text+, idan aka jawo shi daga layin montaj aka jefa a ciki, duk wani proje da ke cikin wannan rumbu zai gan shi. Abin lura shi ne a cikin rumbun manhajar take zaune, ba a cikin proje ba. Wanda ya kai kwamfutarsa wurin mai gyara aka sake mata Windows ba tare da ya kwafe rumbun ba, ya dawo ya tarar da wayam.

A salula hanya mafi tabbas ita ce ta uwar proje. A gina proje guda wanda babu bidiyon kowa a ciki, sai tambari a wurinsa, sinte a wurinsa, kiɗan buɗewa da na rufewa. Duk sabon aiki, a kwafi uwar, a canza wa kwafin suna, a yi aiki a cikinsa. Uwar ba a taɓa ta. CapCut na ba da damar kwafin proje, KineMaster kuma na iya fitar da proje a fayil mai ƙarewa da .kine wanda ake ajiyewa a wani wuri ko a tura wa abokin aiki. Masu zane da PixelLab su riƙa adana aikin iri biyu, PNG na ɗorawa a bidiyo da kuma projen da za a iya buɗewa a canza rubutu. Projen da ke cikin salula kaɗai bai da tabbas: a goge manhajar don neman wuri, ko wayar ta faɗa ruwa, shi ke nan. Haka nan gina samfuri a kan kayan adon da manhaja ke bayarwa kyauta na da nasa haɗari, tunda abin da ke kyauta bana na iya komawa na kuɗi baɗi.

Wannan dabara ta uwar proje, a gaskiya, ita ce ta fi dacewa da yawancin masu sana'ar, har da masu kwamfuta. Ba ta buƙatar sanin wani ɓoyayyen maɓalli, kuma yaron shago da ya fara koyo jiya zai gane ta.

Amfanin duk wannan ya fi fitowa fili a lokacin gasar kokowar gargajiya ta neman takobi, inda jihohi 8 ke kawo ƴan kokowa goma-goma, 80 ke nan. Mai shafin da ke son fitar da kowace karawa mintuna kaɗan bayan an yi kaye ba shi da lokacin zane. Sunayen kuwa an san su tun kafin a buɗe fili. Wanda ya shirya sinte 80 tun da wuri, kowace jiha da dosiyenta, jawowa kawai yake yi, yayin da abokin gasarsa ke can yana neman launi.

Haruffa masu lanƙwasa

Akwai matsalar da samfuran da aka sauko da su daga waje ba su san da ita ba, domin ba don Hausa aka yi su ba. Rubutun Hausa na da ɓ, ɗ, ƙ, sannan a Nijar akwai ƴ, wanda ƙa'idar rubutu da ma'aikatar ilimi ta tsayar a watan Oktoban 1999 ta tanada, a inda Najeriya ke rubuta 'y. Yawancin nau'o'in haruffa na ado, waɗanda masu montaj ke kira polis, ba su da waɗannan huɗun. Idan aka rubuta su, ko dai wani ɗan akwati ya fito a madadinsu, ko manhaja ta aro harafin daga wani polis daban, sai a ga ƙ siriri tsaye a tsakiyar haruffa masu kauri kamar baƙo a gidan biki.

Da yawa kan kauce wa matsalar ta hanyar zubar da lanƙwasar gaba ɗaya. A saƙon waya ana yafewa, amma a ƙasan allo, ƙarƙashin fuskar mutum, abin ya bambanta. Ƙasa daban, kasa daban, kuma ba mai son a rubuta shi shugaban na biyun. Haka baƙi da baki, ƙafa da kafa, ɗaki da daki. Sunayen garuruwa ma na ciki: Maraɗi, Birnin Ƙonni, Ɗan Isa. Tun da kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, rubutun Hausa a kan allo ba abin da za a ci gaba da yi da ka ba ne.

Lokacin gina samfuri shi ne lokacin warware wannan, sau ɗaya. Kafin a ƙaunaci wani polis, a gwada shi da kalmomi irin su ɓarawo, ɗanɗano, ƙoƙari da ƴaƴa, da ƙananan haruffa da kuma manya, Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ, tunda sau da yawa da manyan ake rubuta suna a sinte. A gwada é, è da ç su ma, saboda sunayen ma'aikatu da na mutane da yawa da rubutun Faransanci suke zuwa. Noto Sans na Google, da Andika da Charis na ƙungiyar SIL, duk suna da haruffan Hausa cikakku, kuma kyauta ne, lasisinsu ya yarda a kwafa a raba. A salula, allon rubutu na Gboard na da Hausa.

Abin da ake mantawa shi ne polis ba ya tafiya tare da proje. A cikin kwamfuta ake girka shi. Idan aka kai samfurin wata kwamfutar da ba ta da shi, manhaja za ta sa wani a madadinsa, tsawon rubutu ya canza, lanƙwasa ta ɓace. Don haka fayil ɗin polis ɗin ya zauna a dosiye ɗaya da samfurin, duk inda za a kai shi a tafi da su tare.

A gwada samfurin kuma da muƙami mafi tsawo da ake iya samu. Sunan mutum gajere ne, amma muƙaman gwamnati da na ƙungiyoyin farar hula kan cika layi biyu. Bandon da aka auna da sunan Ali kaɗai zai fashe ranar da babban sakataren wata haɗakar ƙungiyoyi ya zo magana.

Tsohon suna a sabon aiki

Sauƙin da samfuri ke kawowa shi ne kuma haɗarinsa. Abin da ke zuwa a shirye ba a cika duba shi ba. Idan aka adana sinte da sunan mutumin ƙarshe da aka yi wa aiki, wata rana cikin gaggawa za a manta a canza, kuma ido ba zai kama ba, domin suna ne na gaske, ya yi kama da daidai. Shi ya sa ba a barin sunan kowa a cikin uwa. A rubuta SUNA A NAN da MUƘAMI A NAN, ko a jera alamun tambaya, abin da ko daga bakin ƙofa aka hango an san ba a cika ba.

A bidiyon biki, kuskuren na jawo ɓacin rai da sake aiki kyauta, wani lokaci da rasa dangi guda na masu kawo aiki. A labarai ya wuce nan. Ɗora sunan wani a ƙarƙashin fuskar mai zargi ko wanda ake zargi na jingina wa mutum maganar da bai yi ba, kuma bidiyon da ya shiga WhatsApp ba a kiran shi ya dawo. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yunin 2024, ta maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna ta hanyoyin sadarwar zamani. Mintin da za a ɗauka a bi sinte ɗaya bayan ɗaya kafin a fitar da bidiyo ya fi wannan arha.

Muƙamai ma na tsufa. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo da ake kira AD a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. A watan Oktoban wannan shekarar wasu tituna da dandali na Yamai suka sauya suna, ciki har da titin Charles de Gaulle da ya koma na Djibo Bakary. Duk mai ajiyar sinten manyan mutane da na wurare da ya shirya kafin nan, sai ya bi su ya tace. Yana da kyau sunan kowane fayil ya ɗauki shekara da wata, kuma idan an yi sabo a kwashe tsohon a kai wani dosiye, kada su zauna gefe da gefe. Sunaye irin su sabo, sabo na biyu, na ƙarshe, na ƙarshen gaske, ba sa gaya wa kowa komai bayan wata uku.

Inda ake ajiyewa, da wanda ke da shi

Tunda proje hanyar fayil kawai yake riƙewa, matsar da dosiyen tambari ko canza masa suna na sa tsofaffin ayyuka su buɗe da jan allo, alamar manhaja ta nemi abu ta rasa. Haka ke faruwa ga wanda ke jawo tambari kai tsaye daga kile, domin yau kwamfuta ta ba kilen wani harafi, gobe wani. Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce a riƙe babban dosiye guda na asali, sannan kowane sabon aiki a kwafa masa nasa a cikin dosiyensa. Wurin da hakan ke ci kaɗan ne, kuma aikin bara zai buɗe da tambarin bara ko da an canza na bana.

Kwafi ɗaya ba ajiya ba ne. Kilen da ke yawo tsakanin shagunan buga takardu na iya kwaso ƙwayar nan da ke ɓoye dosiye ta bar gajerun hanyoyi marasa amfani. Hotunan PNG, polis da uwar proje ba su da nauyi, ana iya tura wa kai su a imel ko a ajiye a Google Drive ko da rezo ba shi da ƙarfi.

Saura batun da ba na fasaha ba, wanda ya fi raba abokan aiki. A gidajen rediyon da suka buɗe shafin bidiyo, da ƙananan shagunan ɗaukar hoto, sau da yawa matashi guda ne ya gina tambari da sinte a kwamfutarsa ta kansa. Ranar da ya samu wani aiki a Yamai ko ya tafi karatu, kamannin gidan na tafiya a cikin jakarsa, a bar masu gida da tsofaffin bidiyo suna ɗaukar hoton allo don su kwaikwayi tambarinsu. Mai gidan da ya biya kuɗin zane, ya kamata tun ranar biya ya karɓi abubuwa huɗu a hannunsa: hoton PNG, projen da ake iya gyarawa, fayil ɗin polis, da lambobin launukan da aka yi amfani da su, waɗannan masu alamomi shida da ke bin alamar #. Idan mai zanen na ganin projen da ake gyarawa kuɗinsa daban ne, wannan magana ce ta ciniki, kuma kafin a fara aiki ake yin ta.